Fitilun Garwa: a fara haska inda ƙafa ke takawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan fitilun titi. Daga Garwa nake rubuto maka, babban birnin yankin Arewa a Kamaru, nan bakin Binuwai. Na san yawancin masu karanta jaridarka mutanen Nijeriya ne da Nijar, amma mu ma muna bin ku a waya, kuma ina ganin hotunan gwamnoninku suna yanke zare a gindin sababbin fitilun sola. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, don haka duk wanda ya ga garinsu a cikin wannan wasiƙa, ya ɗauka da shi nake.

Sana'ata gyaran wuta. Na koya tun kamfanin lantarki na amsa sunan SONEL, na ja waya a gidaje da shaguna da masallatai, da sola ta shigo kuma na koma haɗa ta. Ni ba injiniya ba ne, tsani da filaya da testa su ne ofishina. Maganata guda ce: fitilar gari ta mai tafiya a ƙasa ce tun kafin ta zama ta mai mota ko ta mai ɗaukar hoto, kuma turken da ba a tanadi kuɗin gyaransa ba, gara kada a kafa shi.

'Yan Nijeriya da suka zo mana kallon gasar cin kofin Afirka a farkon 2022 sun ga Garwa cikin kwalliyarta. A nan rukunin Nijeriya da Masar da Sudan da Gine Bisau suka buga. Ranar 11 ga Janairu Iheanacho ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya a filin Rumde Ajiya, gari ya ɗauka da sowa kamar 'yan gida ne suka ci, don mu da mutanen Yola da Mubi dangi ne. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta fitar da Nijeriya, muka kwana da takaici tare. Filin nan tun 1978 aka gina shi, aka sabunta shi saboda gasar, aka gyara manyan hanyoyin da ke kai wa gare shi da filin jirgi da masaukan baƙi. Ba na raina wannan aiki ko kaɗan, mun gode, har yau muna cin moriyarsa. Sai dai an yi shi ne da idon baƙo, wanda zai sauka daga jirgi ya shiga mota ya bi kwalta. Ɗan gari kuwa kwalta rabin tafiyarsa ce. Sauran rabin a lungu take, inda lambatu ke buɗe, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar duwatsu, inda akuya ke kwance tsakiyar hanya ba ta da niyyar tashi.

Wanda bai zauna Garwa ba ba zai gane yadda dare yake da daraja a wurinmu ba. A Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, da rana kowa na neman inuwar da zai ɓoye, gari ba ya farfaɗowa sai bayan Magariba. Lokacin ne mai shayi ke jera bencinsa, mai tsire ya hura gawayi, mata su fito da ƙosai da kunu da gasasshen kifin Binuwai. Lokacin ne tela ke jawo kekensa ƙofar shago. Idan jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare da ta bakaloreya ta kammala sakandare suka ƙarato, za ka ga samari da littattafai a gindin duk turken da ke ci, wasu a zaune kan bulo, wasu na kai da kawowa suna haddace darasi da ƙarfi. Da asuba dattawa su fito masallaci da sanda da tocila. Tsakar dare kuma naƙuda ba ta sallama, sai ka ga an ɗora mace a babur ana lallaɓawa da ita cikin ramuka. Waɗannan su ne masu dare. In za a zana taswirar fitilu, sawunsu ya kamata a bi: daga ƙofar gida zuwa famfo, zuwa masallaci da coci, zuwa asibitin unguwa, zuwa tashar da 'yan acaɓa ke tsayawa, zuwa bakin kasuwar dare.

Kuma abin da lungu ke nema ba shi da yawa. Masu ilimin haske suna auna shi da ma'aunin da ake kira luks. Farin wata daren sha huɗu bai kai luks ɗaya ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ana wasan dandali a cikinsa. Hanyar ƙafa luks 5 zuwa 10 sun wadace ta ka ga rami ka gane fuskar mai zuwa. Babban titi na son wajen 20 zuwa 30. Filin ƙwallon da za a nuna a talabijin kuwa sai ya haura 1,000 nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan kuɗin da zai ƙawata shataletale guda da dogon turke mai kawuna shida, zai iya raba ƙananan fitilu a lungunan unguwa sukutum.

Kuskuren da na fi gani a aikin fitila shi ne ɗaukar ƙarfin ƙwai a matsayin kyan aiki. Ido ba haka yake aiki ba. In ka fito daga wuri mai tsananin haske ka faɗa duhu, sai ka makance na ɗan lokaci kafin ƙwayar ido ta buɗe, kuma dattijo ya fi yaro daɗewa a wannan makanta. To ka ɗauki ɗan acaɓa a guje, ya ratsa ƙarƙashin fitila mai kashe ido, ya shiga duhu, ya sake fitowa haske, ya sake shiga duhu. A cikin duhun nan na tsakani ake kaɗe yara. Shi ya sa titin da ke da fitilu masu sanyi a jere daidai wa daida ya fi aminci a kan wanda ke da manyan fitilu nesa da juna, ko wanda ɗaya ke ci biyu sun mutu. Ƙa'idar da muka koya wurin magabata ita ce tazarar turke da turke kada ta wuce tsawon turken sau uku zuwa huɗu. Turke mai mita 8, a bar mita 25 zuwa 30. In ɗan kwangila ya ja tazarar ta kai mita 50 don ya rage yawan turaku, takarda za ta ce an haska titi, ido kuwa zai ƙaryata ta.

Sai karkatar kan fitila. Wasu masu kafawa suna ɗaga bakinta sama wai don hasken ya yi nisa. Abin da ke faruwa shi ne rabin hasken ya tafi sama wurin jemagu, wani ya shiga idon direba, wani ya faɗa tsakar gidan mutane. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a garin da iyali ke kwana a waje lokacin bazara. Magidanci ya shimfiɗa wa iyalinsa tabarma a tsakar gida, sai ga fitilar hukuma ta leƙo ta kan katanga ta tsaya musu a kai har asuba. Na san gidan da suka rataya buhu a reshen bishiya don su kare matansu daga wannan haske, na kuma san inda yara suka gama da ƙwan da danƙo ba wanda ya tsawata musu, don manya ma sun gaji da shi. A kwantar da kan fitila ta kalli ƙasa, in gida na kusa a sa mata ɗan marfi ta baya. Aikin minti kaɗan ne ga wanda ke saman tsani.

Akwai kuma rigimar fitila da darbejiya. Garwa da Marwa ba abin da ya rufa musu asiri kamar itatuwan nan da aka jera a bakin hanyoyi tun zamanin iyayenmu. Dogon turke idan ya shige cikin rassa, ganye ne ke shan hasken, ƙasa ta zauna da duhu, farantin sola kuma ya wuni a inuwa. Daga nan sai wani mai gaggawa ya ce a kawo gatari. Ina roƙon arziki kada a yi haka. Bishiyar da ta shekara arba'in tana ba da inuwa ba a musanya ta da ƙarfen da za a kafa cikin yini guda. Inda itatuwa suka yi duhu, a yi gajerun turaku na mita 4 ko 5 da za su zauna ƙarƙashin rassa, a kai farantan wani buɗaɗɗen wuri ko kan rufin makaranta a jawo waya. Sassabe kaɗan kafin damina ya isa sauran.

Launin haske ma abin dubawa ne. Tsofaffin ƙwayayen sodiyom da muka saba da su ruwan ɗorawa suke bayarwa. Na LED da suka maye gurbinsu, yawancin waɗanda ke shigowa kasuwarmu farare ne fat masu ratsin shuɗi, a jikin kwalinsu za ka ga an rubuta 6000K ko 6500K, wato lambar da ke nuna launin hasken. Mutane na son su don suna ganin kamar sun fi ƙarfi. Amma farin nan mai shuɗi ya fi kiran ƙwari, kuma mu bakin kogi muke. Ka tambayi mai shayi halin da yake shiga bayan ruwan farko, lokacin da shinge ke tashi, ko mai kifi da ke kaɗa faifai hannu bibbiyu. Inda ƙwari suka taru kwaɗi za su biyo, inda kwaɗi suka taru kuma kowa ya san mai bin sawunsu.  LED mai lamba 3000K, wanda haskensa ya ɗan ja zuwa ruwan zuma, ya fi dacewa da unguwa da kasuwar dare. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, magana ce ta mai rubuta takardar oda ya san lambar da zai sa.

Yanzu bari in zo kan inda wutar ke fitowa, don fitila ba ta ci da fatan alheri. Masu karatunka na Adamawa da Binuwai da Kogi sun san sunan Lagdo ne ta dalilin ambaliya, musamman ta 2012 da ta 2022, duk lokacin da aka ce an buɗe ƙofofin dam sai hankalinsu ya tashi. Mu kuwa Lagdo ita ce uwar wutarmu. 'Yan Sin ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, zamanin Ahmadu Ahijo, ɗan garin nan, da injuna huɗu masu ba da megawat 72 idan ruwa ya cika. Daga Ngaundere har Marwa ita ake kallo, ga shi layin Arewa a ware yake da na Kudu. Jama'a sun ninka, dam ɗin na nan yadda yake. Da ruwa ya yi ƙasa a 2021, rabon wuta aka koma yi unguwa-unguwa, kowa ya ɗanɗana. Daga baya an kafa tashoshin sola guda biyu a Marwa da Gider, kowacce wajen megawat 15 da manyan baturan ajiya, aikin kamfanin Scatec na ƙasar Nowe, aka ƙaddamar da su a 2023. Ana kuma maganar jawo layi daga madatsar Nachtigal mai megawat 420 a kan kogin Sanaga, ya haɗe Kudu da Arewa ya wuce har Cadi. Allah ya nuna mana. Kafin nan dai wutarmu a ƙidaye take, kuma kowace fitilar titi tana cin rabon wani gida ne.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwan sodiyom mai wat 250, a daren awa 12, yana shan kilowat-awa 3, wato yunit 3 na mita. Turaku 1,000 sun sha 3,000 ke nan kafin gari ya waye. LED zai ba da hasken da ya kai wannan da rabin wutar ko ƙasa da haka. Idan aka saita shi ya ci sosai daga Magariba zuwa ƙarfe 11, ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku tsakar dare, ya sake tashi gab da kiran assalatu, an ƙara rage wani kason. Da azumi sai a sauya saitin saboda masu tahajjud da masu sahur. Ban da wannan, akwai ɓarnar da kowa ke gani ya wuce: fitilun da ke ci da tsakar rana saboda ɗan idon da ke kunna su ya kashe su ya lalace. Wannan ɗan abu ba shi da tsada, amma sai layi guda ya yi watanni yana gasa da rana.

Saboda ƙarancin wutar layi, kowa ya koma cewa sola ce mafita. Ni da ke cin abinci da ita ba zan kushe ta ba. Rana dai Allah ya ba mu har ta yi yawa. Amma bari in faɗa wa masu saye abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Fitilun nan na haɗe-da-komai da suka cika kasuwa, waɗanda ake rubuta wa wat 300 ko 500 a kwali, ka buɗe cikinsu ka ga ɗan baturin da ke ciki, ka auna faɗin farantin da tafin hannunka, za ka san lambar ado ce. Watannin farko za su kai asuba. Daga nan su riƙa mutuwa ƙarfe biyu, sai sha biyu, sai su koma ƙyaftawa bayan Isha. Araha ba ta ado.

Babban abokin gabar sola a ƙasarmu zafi ne, ba gajimare ba. Baturin dalma an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana cinye kusan rabin kwanansa. To ka saka shi a akwatin ƙarfe ka rataya a rana ta Afrilu a Garwa, me kake jira? Na litiyom ya fi juriya, shi ma ba masoyin zafi ba ne, yana son inuwa da iska. In ka sauko da akwatin ƙasa don ya huta da rana, ɓarawo ya gode maka. Saboda haka wurin ajiye baturi shawara ce da za a zauna a yi tun kafin a haƙa rami. Haka girmansa: a auna shi yadda zai riƙe dare biyu ko uku ko rana ba ta fito sosai ba, saboda kwanakin marka a Agusta da kwanakin da hazo ke rufe sama a Janairu.

Na biyu ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu farantin da ba a goge ba sai ya koma launin ƙasa, ga kashin tsuntsaye, kuma ɗan wuri kaɗan in ya rufe yakan ja ƙarfin farantin gaba ɗaya ƙasa. Fitilu da yawa da ake cewa sun mutu ba su mutu ba, yunwa ce ke damunsu. An sha kirana gyara in tarar ba abin da ya lalace, in sa yaro ya ɗaura tsumma a doguwar gora ya jiƙa ya goge, washegari fitila ta kwana tana ci. Da sassafe ake yi kafin gilashi ya ɗau zafi. A kafa farantin yana kallon kudu da ɗan gangare kamar digiri 10 zuwa 15, don ruwan sama ya taya wanki da damina. Wanda aka shimfiɗa shi a kwance, tire ne na tara ƙura.

Wannan ya kawo ni kan gyara, inda duk maganar take. Kafa fitila akwai biki, akwai hoto, akwai jawabi. Goge faranti ba shi da ko ɗaya, shi ya sa ba mai son sa hannu a takardarsa. Senegal ta kafa fitilun sola 50,000 tare da kamfanin Fonroche na Faransa, kuma abin da ya burge ni a shirin shi ne kula da fitilun bayan kafawa yana cikin yarjejeniyar tun farko. Haka ya kamata kowace kwangila ta kasance, ko ta turaku ashirin ce. A rubuta wa zai goge, sau nawa, wa zai sauya baturi idan kwanansa ya ƙare, da wane kuɗi. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai fitilunsa sun ga bazara biyu. A daina sayo iri goma daga kamfani goma, don ranar da ɗaya ta lalace ba za a samu kayanta a kasuwa ba. A zaɓi iri biyu ko uku, a ajiye kayan gyaransu a sito, a koya wa yaran makarantun fasaha na garin nan yadda ake kwance su. Matasa na zaune ba aikin yi, ga aiki a saman turke yana jiransu.

Kada a ce na ƙi ado. Gari ma yana son a gan shi da kyau, kuma muna da abin nunawa: babban masallacin Pumpumre, ƙofar fadar Lamiɗo, gadar Binuwai, filin Rumde Ajiya. Amma haska gini sana'a ce daban da haska titi. Ba a watsa masa fitila a fuska daga nesa, yin haka yana shafe duk wani zane ya bar bango fari fat. Ana ajiye ƙananan fitilu ne kusa da gindin bango su haura a hankali, sai inuwa ta fito da tudu da kwarin aikin magina. Hasumiya siririn haske take so daga ƙasa, da wani ɗan kaɗan a samanta. Ginin da ke da launin ƙasa a ba shi haske mai ɗumi. Fitilun nan masu sauya launi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi a bar wa zauren biki, ba su dace da masallaci ko fada ba. Gada kuma a haska bisanta da hanyar masu ƙafa, kada a juya fitila cikin ruwa. Akwai masunta a ƙasa, akwai dorinar da ke fitowa kiwo da dare, ba su nemi a haska su ba.

Tun da da Faransa muke yawan koyi, to mu koyi wannan ma. Birnin Liyon ya zauna tun 1989 ya tsara wa kansa shirin haske na gari gaba ɗaya, aka fayyace wane gini za a haska, da wane irin haske, zuwa ƙarfe nawa. Dokar da Faransa ta fitar a Disamban 2018 ta ce a kashe fitilun adon gine-gine da na tagogin kantuna in ƙarfe ɗaya na dare ya yi, ta kuma hana fitilun titi wuce 3000K. Da tsadar makamashi ta matsa musu a 2022, hasumiyar Ifel kanta aka koma kashe ta ƙarfe 11:45 na dare. Ƙasar da ke da tashoshin nukiliya ke nan. Mu da ke kallon sama muna jiran ruwan Lagdo, ba mu da hujjar barin fitilar ado tana ci ƙarfe uku na dare alhali ƙofar ɗakin haihuwa na cikin duhu. A kunna ado daga Magariba zuwa sha ɗaya, ranar Juma'a da Sallah da Kirsimeti da 20 ga Mayu, ranar bikin ƙasarmu, a ƙara masa lokaci.

Za a ce ai fitila maganin ɓarayi ce, a bar ta ta kwana. Akwai gaskiya a ciki. A birnin Niyok na Amurka an yi gwaji a 2016, aka ƙara fitilu a wasu rukunan gidajen talakawa aka bar wasu, aka ga manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da wajen kashi 36 cikin 100 inda aka ƙara hasken. Amma a lura, a inda mutane ke kwana aka sa fitilun, ba a jikin gine-ginen tarihi ba. Kuma haske na taimako ne idan akwai idon da zai gani. Lungun da mai shayi ke zaune da abokan hirarsa ƙarƙashin 'yar fitila ya fi tsaro a kan fili mai haske tar da ba kowa.

Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ba mu magajin gari zaɓaɓɓe a maimakon wakilin gwamnati na da, kuma fitilun manyan hanyoyin birni suna cikin abin da aka damƙa masa. Garwa na da ƙananan hukumomi uku a ƙarƙashin wannan inuwa, kowacce da nata magajin. Harajin raya ƙasa da ake cira a albashin ma'aikata da wurin 'yan kasuwa, hasken titi na cikin ayyukan da aka ambata za a yi da shi. Saboda haka in talaka ya tambayi fitilar lungunsu ba roƙo yake ba. Gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba.

Mu ma jama'a da namu. Wanda ke kwance baturi da dare ba daga wata ƙasa ya zo ba, kuma wanda ke saye a hannunsa yana da shago a kasuwa, mun san shi. Masu saƙala waya a turken hukuma su ja wuta zuwa shago, su ne ke ƙona layin unguwa gaba ɗaya, kuma abin kunya, da hannun wasu 'yan sana'armu ake yi. Masu hali da ke zagaye katangarsu da manyan fitilu suna kallon waje, su sani suna makantar da mai wucewa ne, da za su sunkuyar da su ƙasa da sun samu ladan haska hanya. Kwamitocin masallatai da suka sa sola saboda fanka da lasifika, ƙara ƙwai ɗaya a kusurwar waje ba zai gagare su ba.

Abin da nake roƙon magadan gari da kansiloli shi ne, kafin a sake sayo turke ko ɗaya, a ƙirga waɗanda ake da su. A rubuta wa kowanne lamba da fenti a jikinsa, manya-manya yadda yaro zai iya karantawa. A ba da lambar waya guda da mutum zai aika saƙo ya ce lamba kaza ta mutu, a kuma sa wa'adin kwanakin da za a zo. A damƙa wa kowane jauro da mai unguwa jerin turakun da ke ƙasarsa, da matasa biyu da za a riƙa biya ladan gogewa duk wata na rani. Sannan masu yanke shawara su ajiye motocinsu wani dare bayan Isha, su taka da ƙafa daga Hausare zuwa Yelwa, ko daga Lopere zuwa bakin kasuwa, su tafi da mata masu sana'ar dare da 'yan acaɓa da limamin asuba, su ne za su nuna musu inda ake tuntuɓe. In ana son mai riƙe testa a tawagar, mu masu gyaran wuta na unguwa muna nan, ba sai an biya mu ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya bar zumunci.

Naka,
Mai gyaran wuta,
Unguwar Hausare, Garwa, Kamaru.